Samfuri Nawa Za A Ɗiba, Kuma A Ina?

Assalamu alaikum. Malamaina, abokan aiki, da ƙannena ɗalibai da ke zaune can baya, na gode da kuka daure da zafin nan. Maganarmu yau a kan ɗibar samfurin ƙasa ce don gwajin guba.

Bari in fara da tukunyar miya. Uwargida za ta juya ta da ludayi, ta ɗanɗana cokali guda, ta san gishirin tukunya gaba ɗaya. Don ta juya ne. Ƙasa kuwa ba mai juya ta. Gubar da aka zubar shekara ashirin da suka wuce tana nan kwance inda aka bar ta, taku goma gaba kuma ƙasar lafiya lau.

Ina sabon shiga aiki aka tura ni wani fili a nan Kaduna, inda aka daɗe ana fasa tsofaffin baturan mota ana cire dalma. Gidaje za a gina. Na yi yadda na ga manya suna yi: samfuri huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya. Sakamako ya fito da kyau. Na koma in sanar, sai maigadin wurin, wani dattijo, ya ce, "Yaro, zo ka gani." Ya kai ni bayan katanga, dab da rijiya, ya nuna mini da sandarsa wani wuri da ko ciyawa ba ta fitowa, ƙasar ta yi toka-toka. Nan ake tuttular da ruwan batir. Da na sa hannu a takardar nan, da yara ne za su yi rarrafe a wurin. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wannan ne ya sa nake ƙaunar manhajar Visual Sample Plan. Wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka, PNNL, ita ta ƙirƙire ta a garin Richland, kusa da Hanford inda aka sarrafa sinadarin bam ɗin nukiliya tun shekarun 1940 aka bar musu gurɓatacciyar ƙasa mai faɗi.  Za ka ɗora mata taswirar fili, ita kuma ta tsare ka da tambayoyi. Wane hukunci kake son yankewa? Mene ne iyakar yawan guba da in an wuce ta akwai haɗari? Wane girman kuskure za ka iya ɗauka? Sai ka amsa kafin ta ba ka yawan samfuri, da gurbin kowanne a taswira, da abin da zai ci na kuɗi.

Ku ɗauki biro. Fili hekta ɗaya, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. A ciki akwai tabon guba zagayayye mai faɗin mita 10, ba ku san inda yake ba. In kuka jera ramuka duk bayan mita 20, samfuri 25 ke nan, damar ku faɗa kan tabon ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Sau huɗu cikin biyar za ku wuce shi. Ku matso da ramukan zuwa mita 10, samfuri 100, sai damar ta kai kusan kashi 79. To ina labarin biyar ɗin nan nawa?

Wani lissafin kuma: in kana son tabbacin kashi 95 cewa kashi 95 na filin bai wuce iyaka ba, sai ka ɗebi samfuri 59 a wuraren da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, kuma duk su fito da tsabta. Na ga wasu sun girgiza kai. Na sani, gwaji akwai tsada. Amma gara ka rubuta wa mai gidanka cewa kuɗin da ya ware ga iya abin da za su gano, da ka ɗebi biyar ka rubuta "babu matsala".

Kuskuren iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Ka ce fili mai tsabta ya gurɓace, an yi asarar kuɗin kwashe ƙasa. Ka ce gurɓataccen fili yana da tsabta, wannan rai ne. Duk mun tuna 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Yargalma, inda gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara sama da 400. A 2015 ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. Gubar ba a ramin haƙar zinare kaɗai take ba. A tsakar gida take, gindin turmi da injin niƙa, inda ake dandaƙa dutsen yara na wasa a gefe. Mu da muke da masu haƙar zinare a Birnin Gwari bai kamata mu ɗauki wannan labarin nesa ba.

Kwamfuta ba ta san gindin turmi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ku buɗe manhaja, ku zauna da mai unguwa, a samu mace ta shiga cikin gida ta tambayi mata inda ake daka da inda ake shanya. Sannan ku raba taswirar kashi-kashi, ku tsananta ramuka inda aka nuna muku, ku sassauta inda ba a zargi.

Na ji an kira La'asar. In mun idar, duk mai kwamfuta ya matso gaba. Na zo da taswirar filin baturan nan, mu ga ramuka nawa za ta nema kafin ta taɓa bayan katangar.