Sharhi: Digiri Na Biyu A Ilimin Abinci, Da Tambayar Malmala Nawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai tambayar da ake yawan ji a ɗakin ganin likita a nan Katsina. An auna dattijo an ce yana da ciwon suga, an rubuta masa magani, an ce ya rage tuwo da shinkafa. Sai ya gyara zama ya ce, “To likita, malmala nawa zan ci? Fura fa, shi ke nan na bar ta?” Likita kuwa layi ya kai masa har bakin ƙofa. Amsar wannan tambaya aikin wani ma'aikacin ne daban, masanin tsara abincin marasa lafiya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira dayatishan. Sharhinmu na yau a kan karatun wannan fanni ne, musamman digiri na biyu, da ko ya cancanci kuɗi da shekarun da za a zuba masa.

Har yanzu akwai iyayen da idan 'yarsu ta ce ilimin abinci take karanta, sai su ɗauka girki ta je koya. Ba su san cewa tana fama da ilimin sinadaran jiki da aikin hanta da ƙoda da lissafin ƙididdiga ba. Wanda ake yi wa wankin ƙoda, ayaba ko lemon zaƙi da muke ganin lafiya ce zalla na iya cutar da shi, saboda sinadarin fotasiyam da ƙodarsa ta kasa fitarwa. Mai ciwon suga da ya dage sai ya yi azumin Ramadan yana bukatar wanda zai zauna da shi da likitansa a tsara sahur da buɗa-baki. Wannan ba aikin mai dafa abinci ba ne.

Hanyar shiga sananniya ce. Digiri na farko a fannin, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a babban asibiti ƙarƙashin ƙwararru, sai bautar ƙasa. Mai babbar difloma, irin wadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ke bayarwa, yawanci sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri, wato PGD, kafin a karɓe shi a digiri na biyu. Jami'ar Ibadan da ta Nsukka sun daɗe a wannan fage, kuma kusa da gida akwai Zariya da Kano. Abin da ya kamata matasa su riƙe shi ne, digiri na biyu ba ya maye gurbin waccan shekara ta asibiti. Wanda bai taɓa tsayawa a kan gadon majinyaci ba, takardar masta ba za ta koya masa hakan ba. A Amurka dai, tun daga 1 ga Janairun 2024, sai mai digiri na biyu ke iya zama jarrabawar rajistar wannan sana'a, kuma can ma sai an haɗa da horo a aikace. Mai tunanin fita waje ya san da wannan.

To mu a nan, me ya sa muke bukatarsa? A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar saboda tamowa, kuma ta duba yara kusan 70,000. Duk wanda ya leƙa irin waɗannan cibiyoyi ya san zaren awon nan mai launi uku da ake naɗa wa yaro a dantse. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaro yana cikin haɗari. Sai a ba uwa ƙunshin abincin nan na musamman, Plumpy'Nut da makamantansa, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Babban abin da ke cikinsa gyaɗa ce, da madara da mai da suga. Gyaɗa fa, jama'a, wadda kakanninmu suka noma har aka yi dalarta a Kano.

Auna dantse da raba ƙunshi, ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya, kuma suna yi, Allah ya saka musu. Tambayoyin da ke bayan wannan ne ke neman mai zurfin karatu. Me ya sa yaron da ya warke yake dawowa bayan wata uku? Kunun gero da waken suya da gyaɗa da ake koya wa iyaye mata, wane haɗi ne ya fi gina jiki a kuɗin da magidanci a Mashi ko Mai'aduwa zai iya fitarwa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa? Gyaɗa da masara idan an adana su da danshi suna yin fumfuna mai dafin da ke lalata hanta, to yaya lamarin yake a kasuwanninmu? Gero yana da sinadarin da ke hana jiki tsotse ƙarfen da ke ƙara jini, kuma jiƙa shi da barinsa ya yi tsami yana rage wannan sinadari. Ke nan tsohuwar da ke jiƙa gero ta kwana da shi kafin ta dama koko tana kan hanya tun kafin a rubuta hakan a littafi. Saura a san awa nawa ya isa.

Irin wannan bincike ya taɓa amfanar mu. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa a yankin Zariya. Da suka bi diddigi sai suka danganta abin da kunun kanwa mai yawan gishiri da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Babu littafin Ingila da zai gaya musu haka, domin can ba a shan kunun kanwa. Sai da wani ya shiga gidaje ya tambayi mai jego me ta sha.

Nan ne nake da ƙorafi a kan yadda wasu ke yin digiri na biyu. A raba takardar tambayoyi ga ɗalibai 'yan uwa, a haɗa kundi, a ɗaure shi da baƙin bango, ƙura ta rufe shi a kanta. Wasu kuma ba su ɓoye ba, aikin ƙungiyoyin agaji suke hange, saboda albashin. Ba laifi ba ne mutum ya nemi na kansa. Sai dai shekarar 2025 ta nuna mana cewa kuɗin agajin ƙasashen waje na iya yankewa dare ɗaya, kamar yadda aka gani da Amurka ta rage nata. Ciwon suga da hawan jini kuwa suna nan tare da mu, kuma asibitocin Daura da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma za su ci gaba da karɓar masu su. Ya dace gwamnatin jiha ta buɗe guraben wannan aiki a manyan asibitocinta, ta kuma sa fannin cikin waɗanda take ɗaukar nauyin ƙaro karatu, musamman ga mata, tunda su ne ke iya shiga har ɗakin mai jego ba tare da an yi musu shamaki ba.

Ga mai shirin cika fom kuwa, kafin ka biya kuɗi, ka je sashen da ƙafarka. Ka tambayi ɗaliban da ke ciki shekara nawa suka yi, ka duba ko ɗakin gwaji yana aiki, ka san malamin da zai duba bincikenka da abin da shi kansa yake bincike a kai. Ka kuma yanke shawara tun farko, asibiti ka nufa ko lafiyar al'umma, domin darussan sun bambanta.

Batun bincike kuma ba sai an je nesa ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma lissafinsa duka a kan giram 100 yake. Uwargida a Kofar Marusa ba ta da sikeli a madafa. Tana da mara da ludayi da gwangwanin madara. Ɗalibin da zai ɗauki sikeli ya bi gidaje ya auna malmalar tuwon dawa da ta masara da curin fura, ya mayar da giram ɗin nan zuwa ma'aunin da ke hannunta, ya rubuta da Hausa a takarda guda da za a liƙa a bangon asibiti, shi ne zai iya gaya wa dattijon nan ko malmala ɗaya zai ci ko ɗaya da rabi.