Darasi: Yadda ake karanta lambobin agogon hannu da na waya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu a kan agogon nan ne na zamani da ya cika kasuwa, mai ƙirga taku da bugun zuciya, da manhajojin waya irin su Samsung Health da Google Fit.

Mu fara da taku. Ba lallai sai ka sayi agogo ba. A cikin yawancin wayoyin yanzu akwai wata 'yar na'ura mai jin girgiza, ita ke wannan lissafi. Ku riƙe wannan: girgiza take ji, ba ƙafa take gani ba. Shi ya sa in ka hau acaɓa a hanya mai ramuka, sai ka sauka ka tarar an rubuta maka taku, alhali ko ƙasa ba ka taka ba. Uwargida kuwa in tana daka da agogo a hannu, sai ya ce ta kusa isa Wudil daga Kano, ga ta tsaye a gindin turmi. In kuma wayarka ta daina ƙirgawa da tsakar rana, duba saitin tanadin batir, galibi shi ke kashe manhajar a ɓoye.

To, taku 10,000 ɗin da agogo ke matsa maka a kai fa? Ba binciken kimiyya ya yanka shi ba. A 1965 ne wani kamfanin Japan, Yamasa, ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne ya zama kamar doka. A 2019 masu bincike na jami'ar Harvard ta Amurka suka bibiyi tsofaffin mata, suka ga amfanin tafiyar ga lafiya ya bayyana tun daga wajen taku 4,400 a rana, ya kuma daina ƙaruwa a wajen 7,500. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da minti take magana: aƙalla 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Minti 30 ke nan, kwana biyar, tafiyar da za ta sa ka ɗan haki amma kana iya hira.

Sai bugun zuciya. Juya agogon, za ka ga koren haske yana ƙiftawa. Jini na shanye wannan haske, to daga yadda yake raguwa yana ƙaruwa ake gane bugun. Ɗaura shi sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata, kada ya riƙa lilo kamar awarwaro. Ka auna da asuba kana farkawa, kafin ka tashi alwala. Babban mutum a hutawa, tsakanin 60 da 100 ne a minti. Kana so ka gwada gaskiyar agogon? Ɗora yatsu biyu a jijiyar hannu, ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Lambar rana ɗaya ba ta faɗin komai. Amma in kullum kana 68, sai ga 85 kwana uku a jere, akwai dalili: zazzaɓi, rashin barci, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko goro da shayi sun yi yawa.

Yanzu ku kasa kunne, nan ne nake jin tsoro. Agogon da ya ce yana auna maka sukari, kada ka yarda. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukari ba tare da huda fata ba. Hawan jini ma haka a irin waɗannan masu araha. Ni na taɓa ɗaura wani a jikin kwalbar lemo, ya ce jininta 120 bisa 80, lafiyarta ƙalau! Dariya muka yi, amma ka tuna akwai dattijon da zai ga wannan lamba ya ajiye maganinsa. Baba, don Allah, awon jini sai da na'urar da ke matse dantse. In ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban, a tafi asibiti.

Abu na ƙarshe, ina bayanan ke zuwa? A 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura taswirar manhajar gudu ta Strava tana nuna sansanonin sojoji a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na gudu da ita a kunne. In ta tona asirin bariki, ina ga ƙofar gidanka? Shiga saiti ka rufe nuna hanyar da kake bi. Manhajar ƙirga taku kuma da ta nemi lambobin mutanenka ko hotunanka, ka hana ta.

Aikin gida: ɗauki littafi, ka rubuta takunka da bugun asuba na kwana bakwai, kada ka canza komai a harkokinka. Mako mai zuwa da wannan littafi za mu yi aiki. A huta lafiya.