Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaramar jita, tsohuwa ko sabuwa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Shehu. Wasiƙu uku ne a gabana yau, duka a kan ƙaramar jitar nan ta katako da ba a jona ta da wuta, wadda Turawa ke kira jitar falo.

Ta farko daga wani ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya ce: "Tun ina yaro nake kaɗa gurmi, yanzu ina son in gwada jita. Wani ɗan kasuwa a Kano ya turo mini hotunan guda biyu. Ɗaya tsohuwa ce, ya ce ta haura shekara 80 kuma ba a ƙara yin mai murya irin tata. Ɗayar sabuwa ce fil. Kuɗinsu ya yi kusa da juna. Wacce zan ɗauka?"

To ƙanena, sabuwar za ka ɗauka. Amma bari in fara ba tsohuwar haƙƙinta, don abin da ɗan kasuwar ya faɗa game da murya yana da tushe.

Irin wannan jita ta yi tashe ne a Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, lokacin da babu rediyo, iyali kan zauna a falo su yi wa kansu kiɗa. Kamfanin Martin, da aka kafa a 1833, da masu yin Washburn a Chicago sun yi su da yawa. Faɗin cikinta bai cika wuce inci 13 da rabi ba, alhali babbar jitar da aka fi gani a kasuwa yau ta kusa inci 16. Wuyanta kuma yana haɗuwa da jiki a ƙarfe na 12 cikin ƙarafan nan da ke jere inda ake danna tsirkiya, maimakon na 14. Katakon fuskarta siriri ne, mara nauyi, ga shi ya sha shekaru ya bushe, shi ya sa da ka taɓa ta da ɗan yatsa take amsawa. Muryarta ba ta da rugugi, tana tsaye a tsakiya kusa da muryar mutum. Mai kunnen gurmi zai so ta nan take.

Matsalar tana cikin ginin. Da yawansu an yi su ne don tsirkiyar hanjin dabba, sai a shekarun 1920 tsirkiyar ƙarfe ta zama ruwan dare. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, idan aka ɗaure su daidai, suna jan wuya da fuskar jita da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Jitar zamani tana da sandar ƙarfe a cikin wuya, wadda ake murzawa da ɗan makulli a miƙe wuyan idan ya lanƙwashe. Kamfanin Gibson ya sami rajistar wannan dabara a 1923, amma Martin bai fara sa mai murzuwa ba sai 1985. Ke nan tsohuwar da aka nuna maka, mai yiwuwa ne ƙwarai ba ta da ita. Idan wuyanta ya tashi, tsirkiya ta yi nisa da katako har tana yanka yatsu, gyaran shi ne a narkar da gam da tururi, a zare wuyan, a fere gindinsa, a mayar. Wannan ba aikin kafintan unguwa ba ne, komai ƙwarewarsa a gado da kujera.

Sai kuma garinmu. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Sakkwato, idan hunturu ya kankama, yakan sauka ƙasa da kashi 20. Kowa ya san ƙofar katako da ke ƙin rufuwa da damina, da sanyi kuma ta motse har ana hango tsakar gida ta tsagarta. Haka fuskar jita ke yi, sai dai ita kaurinta bai kai milimita 3 ba, kuma an manne ta ta kowane gefe. Ba ta da wurin motsewa, sai ta tsage, galibi daga jaki, wato inda tsirkiya ke hawa, zuwa gindi. Hunturu na wucewa ga bazara, zafi ya haura digiri 40, tsohon gam ɗin da aka dafa daga fatar dabba ya shiga wahala.

Akwai kuma maganar kuɗin da ka ambata, ita ta fi tsaya mini a rai. Martin ta gaske mai waɗannan shekaru, dubban daloli ake sayar da ita a ƙasashen waje. Idan an ce maka kuɗinta ya yi daidai da na sabuwa mai matsakaicin farashi, to ko dai gwanjo ce kawai da ta sha jiki, ko tana ɗauke da ciwon da hoto ba zai nuna ba.

Cikin sababbi akwai Yamaha samfurin CSF1M, da Fender CP-60S, da Gretsch Jim Dandy. Biyun farko fuskarsu katako guda ne, baya da gefe kuma falle-fallen katako ne da aka manne. A ganina wannan haɗin shi ya dace da mu: fuska ta ba ka murya, mannannen katakon kuma ya jure bushewa. Wasu na raina shi, amma a ƙasar hunturu alheri ne. Kuma kada ka biya a kan hoto. Ka je Kano, ko ka aiki wanda ya iya kiɗa. A ɗaga ta a leƙa wuyan daga sama kamar mai duba miƙewar kara. A auna tazarar tsirkiya mafi kauri da ƙarfe na 12, ta kasance wajen milimita 2 da rabi. A gwada cusa takarda ƙarƙashin jaki ta baya. Idan ta shige, jakin ya fara ɗagowa, a bar ta.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Runjin Sambo. Ta ce mahaifinta, Allah ya jiƙansa, ya bar wata ƙaramar jita da ta daɗe a kan durowa ba tsirkiya, ɗanta yana son ya koya da ita, shin su sayo tsirkiyar ƙarfe su sa?

Amin, Hajiya, Allah ya yi masa rahama. Don Allah kada a yi gaggawa. Ki sa yaron ya leƙa ta ramin fuskarta wajen gindin wuya da tocila, ya kuma duba can sama wajen kunnuwan ɗaure tsirkiya. Idan bai ga kan kusa mai ɗaukar makulli ko ɗan murfi ba, a ɗauka ba ta da sandar da ake murzawa. Sannan ya ƙwanƙwasa fuskar a hankali da bayan yatsa, wuri-wuri. Inda ya ji kaf-kaf kamar abu na rawa a ciki, wani katakon tallafi ya saki. Idan komai lafiya, a fara da tsirkiyar roba, wadda janta bai wuce wajen kilo 40 ba, a ɗaure ta ƙasa kaɗan da yadda aka saba, a zuba mata ido mako biyu. Ajiyarta kuma a cikin akwati, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Daga Nuwamba zuwa Maris a jiƙa soso, a matse shi sosai har ba ya ɗiga, a sa a kwandon sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin wajen wuya, a riƙa sake jiƙawa in ya bushe. Kada a taɓa barin ta a but ɗin mota da rana. Wannan shawarar ta shafi mai sabuwa ma. Ni dai da za a samu hali, Hajiya, a saya wa yaron mai sauƙin kuɗi ya yi koyonsa da ita, ta kakansa kuma ya riƙa ɗaukowa idan hannunsa ya faɗa.

Ta uku gajera ce, daga wani malamin makaranta a Tambuwal: shin ƙaramar jita ta yara ce, kuma za a ji ta a taron biki?

Malam, ba ta yara ba ce, wuyan wasu ma ya fi na manyan faɗi. A zaure ko ɗaki za ta wadatar, mawaƙi ba sai ya ɗaga murya ba. A fili kuwa, da kalangu ya shigo ta nutse. Idan taro kake nufi, ka nemi wadda aka sa wa na'urar jonawa da lasifika tun daga kamfani, irin Yamaha ɗin da na ambata, don kada a zo ana huda maka ita daga baya.

Lokaci ya cim mana. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.