Dalma da Mabiyiya: Laccar da aka yi wa ungozomomi a Ringim

Assalamu alaikum. Iyayena ungozomomi, da malamai magidanta da ke can baya, sannunku da zuwa.

Kun fi ni sanin mabiyiya, tunda ku ne ke jiran faɗowarta ku binne. To, kafin ta faɗo, aiki take yi ba dare ba rana. Ƙwayoyin halittarta ne ke haɗa homon, wato sinadarin jikin da ake gani a gwajin fitsari har a ce mace ta samu ciki. Daga wajen mako na 10 kuma ita ke karɓar aikin haɗa wani homon mai suna furojestaron, wanda ke kwantar da mahaifa ta riƙe cikin.

Akwai wani ƙarfe mai guba a hayaƙin taba, kadmiyam. In ya shiga jinin mai ciki, a mabiyiya yake taruwa, ya rage furojestaron ɗin, ya tare wa zinki, sinadarin da ɗa ke bukata don girma, hanyar isa gare shi, sai a haifi jariri ba nauyi. Malam, tabar da ake busawa a ɗaki har wanda ke ciki tana taɓawa.

Amma dalma ce ke hana ni barci. Ita mabiyiya ba ta iya tare ta, wucewa take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babban mutum a ƙashi take kwance, shekara da shekaru. Ciki na zuwa, jiki ya ɗebo kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, daga ƙashin uwa don gina na ɗa, sai dalmar ta biyo shi. Ke nan kwallin dutse mai dalma da yarinya ta tashi tana rangaɗawa zai iya samun ɗan farinta. Dalmar na iya jawo hawan jini, ga ɓari, ga bakwaini.

Kun tuna Zamfara a 2010, su Dareta da Bagega, inda ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma ta kashe yara sama da 400. Mu nan tamu hanyar daban ce: kwallin dutse mai ƙyalli, da tsohon batirin mota da ake fasawa a tsakar gida.

Inna ta tambaya ko a daina kwalli ke nan. Na dutse dai a daina, musamman ga jarirai. Mai ciki kuma ta riƙa zuwa awo, ta sha maganin ƙarin jini, ta samu nono da zogale, don jikin da ya ƙoshi da kalsiyam bai cika taɓa ajiyar ƙashi ba.