Amsoshin Tambayoyinku: Wannan Tsiron Na Wane Wake Ne?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko yau daga wata baiwar Allah ce a Rigasa. Ta ce yara sun haɗe mata irin farin wake da waken soya da gurjiya a kwano guda, ita kuwa ta shuke su haka nan a bayan ɗaki. Yanzu sun tsiro sun cunkushe, tana so ta rage, amma tana tsoron tuge wanda take buƙata.

To Hajiya, kada ki tuge ko ɗaya tukuna. Gobe da sassafe ki tsuguna kusa da su, ki fara da ƙwayar da kika binne. Farin wake da waken soya duka sukan ɗago ƙwayarsu waje, ta tsage biyu ta maƙale a wuyan tsiron. Ɓarin farin wake ba ya daɗewa, kwana kaɗan ya yamushe ya faɗi. Na soya kauri ne da shi, ya koma kore shar, ya kuma jima a jiki yana ciyar da tsiron. Ita gurjiya ƙwayarta tana nan cikin ƙasa. Sai dai ki ga ganye uku-uku sun miƙo a kan siraran sanduna daga gindi ɗaya, a dunƙule, ba wani dogon kara. Waɗannan ki ba su fili, domin gaba za ki tara musu ƙasa a gindi, a nan suke 'ya'ya.

Saura wake da soya, kuma a nan yatsa ya fi ido aiki. Ki shafa karan da bayan ganyen. In kin ji gashi-gashi mai laushi kamar jikin ɗanyar kuɓewa, soya ce. In kin ji santsi sumul, wake ne. Ganye biyun farko da ke fuskantar juna ma suna taimakawa: na wake faɗi ne daga gindi ya tafi da tsini, na soya kuwa ya fi kama da ƙwai. Daga na uku duka biyun suke komawa uku-uku, shi ne abin da ke rikita mutane. Ni dai na fi amincewa da shafawar nan, don ko da duku-duku ne ba ta ruɗi. Bayan mako 2 da shuka ki rage waken zuwa biyu a rami, ki datse daga gindi da farce maimakon fizga, kada ki jijjiga saiwar na kusa.

Sai wani malami daga Kawo, ya ce ya sayi mudun wake a kasuwa ya shuka, ko tsiron zai nuna masa Kanannado ne ko irin zamani?

Allah gafarta Malam, gaskiya tsiro ba zai nuna ba, kuma duk wanda ya ce zai gane daga ganye biyu kada ka dogara da shi. Ire-iren da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da sunan SAMPEA, har da SAMPEA 20-T na shekarar 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, suna ƙanana kamarsu ɗaya da na gargajiya. Sai an haura wata guda hali yake fitowa. Kanannado zai kwanta ya yi ta yaɗo, ba zai yi fure ba sai yini ya fara gajarta wajen ƙarshen damina. Yawancin na zamani a tsaye suke, kuma wajen mako 6 za ka ga fure. Matsalar waken kasuwa ita ce sau da yawa gauraye ne, rami ɗaya ya yaɗu, na kusa da shi ya miƙe. Baɗi in Allah ya kai mu, ka sayi iri mai suna a jikin leda, ka kafa ɗan tsinke da alama a bakin kowace kunya.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba a Tudun Wada, wadda ta ce wani abu mai kama da gyaɗa ya fito tsakanin wakenta alhali ba ta shuka gyaɗa ba. 'Yata, akwai alamar tafasa ce. Ki murje ganye ɗaya ki sansana, warinta ba ya ɓuya. Da ta ɗan tasa kuma ganyenta zai koma shida-shida, gyaɗa kuwa ba ta wuce huɗu. Ki cire ta daga cikin waken tun tana ƙarama, in kuma kina son kwaɗo ki bar mata 'yar kusurwa a jikin katanga.