Abin da Katin Sakamako Bai Ɗauka Ba

Wannan lacca ce da wata tsohuwar malamar tarihi ta gabatar a taron rufe zangon karatu na uku na wata makarantar sakandare mai bin manhajar ƙasashen waje a Jos. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa a zauren taron.

Ranka ya daɗe shugaban taro, 'yan'uwana iyayen yara, abokan aikina malamai, da ku 'ya'yana da na ga kun ƙagu a tashi ku kama hanyar gida, ina yi mana barka da ganin ƙarshen wannan zango lafiya.

Tun makon jiya aka aiko mini da mujallar da makaranta ta buga ta labarin wannan zango, na kuma karanta ta daga bango zuwa bango. Abubuwa uku ne suka cika ta, wato waɗanda suka ci kyaututtuka, da wuraren da aka kai ɗalibai ziyara, da sunayen sababbin shugabannin ɗalibai. Na san yadda yawancinmu muke yi da irin wannan mujalla, domin ni ma uwa ce: mu buɗe shafin sakamako, mu laluba sunan namu, idan mun gan shi mu yi hamdala, sauran shafukan kuma su ƙare a kujerar bayan mota. Roƙona a yau shi ne mu koma ga shafukan nan da muke tsallakewa, domin a cikinsu ne ake gane ko yaron da muke kashe wa wannan ɗimbin kuɗi ya fara iya riƙe amanar wani.

Ban raina sakamako ba, kuma ba zan raina shi ba. Yaran irin wannan makaranta kaya biyu suke ɗauka a kai ɗaya. Suna zana jarrabawar IGCSE ta Kambirij, wadda makinta yake tashi daga A mai tauraro ya sauka zuwa G, sannan da yawansu su juyo su zana ta WAEC mai A1 zuwa F9, kuma duk wanda yake son shiga jami'a a gida sai ya fuskanci JAMB da makinta 400. Manhajojin ba ɗaya ba ne, salon tambayoyin ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya fito da kyakkyawan sakamako a nan ya yi gumi, ya kuma cancanci tafin da muka yi masa ɗazu. Abin da zan ƙara kawai shi ne, yaron da ya taso daga D ya kai B a lissafi cikin shekara guda ya hau tudun da na ɗaya a aji bai hau ba, saboda haka a riƙa kiran sunansa shi ma a wannan zaure.

Bari in zo ga batun tafiye-tafiye, inda na fi daɗewa ina tunani. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma na yarda. Amma a shekarun da na yi ina koyarwa na sha haɗuwa da yaron da zai ba ka labarin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da manyan kantunan Dubai tiryan-tiryan, alhali gidansu yana Rayfield, kullum yana wucewa ta gefen tafkin nan, bai kuma taɓa sanin cewa ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika ba. Bai san cewa kuzar da kamfanonin Turawa suka fara haƙa tun farkon ƙarni na 20 ita ce ta tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere har garin nan ya zama abin da ya zama ba. Irin wannan yaro ya yi tafiya, amma ƙofar gidansu tana kulle.

Wata shekara na ɗauki 'yan aji huɗu zuwa gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 da ƙoƙarin Bernard Fagg. A mota sai ƙunƙuni suke yi, domin abokansu sun tafi ƙasar waje, su kuwa an kawo su cikin gari. Da muka isa gaban kawunan nan na Nok da aka yi da gasasshen yumɓu, sai na ba su labarin yadda masu haƙar kuza suka tono na farko a 1928 kusa da ƙauyen Nok da ke Jihar Kaduna a yau, da yadda wani kan da aka samu daga baya ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya kafin a gane darajarsa. Akwai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba. Ta matso har numfashinta yana dusashe gilashin, ta tsura wa idanun nan masu kusurwa uku ido, da hudar da aka yi a tsakiyarsu, da kitson da aka tsara a kan, ta daɗe ba ta motsa ba. Can sai ta juyo ta ce, "Malama, wai a ƙasar nan aka yi wannan?" Na ce mata a nan ne, kuma fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Daga nan muka gangara wurin da aka kwaikwayi gine-ginenmu na gargajiya, ta shiga kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mikaila, ta ɗaga kai tana kallon bakan gizon da aka ɗaure da azara da ƙasa, babu ƙarfe babu siminti. A zangon da ya biyo baya, ita ce ta rubuta aikin bincike mafi kyau da na taɓa karɓa daga ɗalibin sakandare.

Ba ina cewa a daina kai yara ƙasashen waje ba ne. Makarantar da take shirya yaro ya zauna da mutanen duniya dole ta nuna masa duniyar. Sai dai a yi la'akari da abu biyu. Tafiyar waje tana raba aji gida biyu, waɗanda iyayensu suka iya biya da waɗanda aka bari suna kallon hotuna a waya, kuma yaro ba ya manta ranar da aka bar shi a baya. Sannan ɗan Jos da zai zauna da tsaransa na Kenya ko na Jamus, tambayar farko da za su yi masa a kan garinsu ce, idan kuwa ba shi da amsa to ya je taron hannu rabbana. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da take aiki tun 1924, ga cibiyar nazarin manufofi ta Kuru da aka kafa a 1979, ga tashar lantarki ta Kurra, duk tafiyar yini guda ce, kuma mota ɗaya za ta kwashe aji baki ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga shugabancin ɗalibai. 'Ya'yana da aka maƙala wa baji yau, ku saurare ni da kyau. Mu da muka yi makarantar kwana a da mun san firifet da bulala da sa ƙanana wanki da ɗebo ruwa, har yaro ya ɗauka cewa ma'anar girma ita ce ka rama abin da aka yi maka a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba wannan gadon muke miƙa muku ba. Kakanninmu cewa suka yi babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa. Daga yau kukan abinci bai isa ba naku ne, kukan ɗan aji ɗaya da yake kewar gida cikin dare naku ne, kuma ranar da amininka ya karya doka a gaban ƙanana, a ranar ne za a san ko bajin naka ne ko aro ka yi.

Laifin da nake gani kuwa ya fi karkata gare mu manya. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda aka yi zaɓe, yara suka jefa ƙuri'a, sannan aka shiga ofis aka sauya sakamako saboda mahaifin wani ya taimaka wa makarantar da gini. Babu wanda ya faɗa wa yaran, amma kafin la'asar kowa ya sani, kuma darasin da suka ɗauka a wannan yini ya fi duk abin da na koya musu a kan tsarin mulki tasiri a zukatansu. Har yau abin yana ci mini rai. A gari irin namu, inda tun rikicin Satumbar 2001 unguwanni suka rarrabu har mutum yakan yi shekaru bai taka wata unguwar ba, aji yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Unguwar Rogo da 'yar Tudun Wada suke zama a benci ɗaya. Idan waɗannan yara suka zaɓi shugaba saboda sun ga aikinsa, ba su duba sunansa ko inda yake ibada ba, to sun yi abin da yake gagarar mu iyayensu, kuma bai kamata wani babba ya sa hannu ya ɓata musu shi ba.

Haka kuma, shugabancin da babu nauyi a cikinsa ado ne kawai. Wannan ne ya sa nake ganin ƙimar shirin lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wanda aka fara a Birtaniya a 1956, mai matakan tagulla da azurfa da zinariya. Mai neman ta tagulla sai ya yi tafiyar ƙasa ta yini biyu da kwana ɗaya a daji, mai neman ta zinariya kuwa yini huɗu da kwana uku, su ɗauki kayansu a baya, su dafa abincinsu, su nemi hanya da taswira, malami yana nesa yana lura. Mu a nan ba sai mun je nesa ba, ga duwatsun Shere a bayan gari, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma a can cibiyar horar da 'yan ƙasa da koyar da shugabanci take da sansaninta.

A kan waɗannan duwatsu na ga wani abu da nake son shugabanninmu na bana su ji. Mun hau da ɗalibai cikin hunturu, hazo ya rufe gari, iska tana yanka leɓe. Shugabar ɗalibai ta wannan shekarar tana cikin 'yan gaba, saura kaɗan ta kai saman da ta yi wata guda tana buri. Sai na ga ta tsaya a kan wani falalen dutse, ta juya tana nuna yara da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi. Lissafin bai cika ba. Ba ta jira umarnin kowa ba, ta miƙa wa mataimakinta taswirar, ta gangara, ta tarar da wani ɗan aji biyu zaune a bayan dutse takalminsa ya yage, kunya ta hana shi kira. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa takalmin, ta rataya jakarsa a kan tata, suka riƙa takowa a hankali. Kafin su iso an riga an ɗauki hoton da aka buga a mujallar wannan zangon, babu ita a ciki, katin sakamakonta ma bai ambaci komai a kai ba.

Saboda haka ina da buƙata ɗaya wurin hukumar makaranta, ranka ya daɗe. Tafiyar farko ta zango mai zuwa a danƙa ta a hannun majalisar ɗalibai, su zaɓi wurin a cikin jihar nan, su yi kasafin kuɗin mota da abinci, su rubuta wasiƙar neman izini da hannunsu, su dawo su karanta wa iyaye lissafin abin da aka kashe har zuwa naira ta ƙarshe a wannan zaure. Ku kuma iyaye, idan takardar amincewa ta iso gida, ku zaunar da yaron ya yi muku bayanin shirin da bakinsa kafin ku sa hannu.

Na gode da sauraro. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma nuna mana watan Satumba.