Wane Karatu Ne Ke Shirya Malami Ya Riƙe Makaranta?

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, abokan aiki, ɗalibai, barkanku da zuwa.

An ɗora mini in yi magana kan karatun gaba da digirin farko da ake yi wa mai son zama shugaban makaranta, ko mai son riƙe gundumar ilimi sukutum, wato makarantun gwamnati na yanki ɗaya da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya. Zan fi kafa hujja da Amurka, domin can an daɗe ana wannan karatu a jami'a, an kuma daɗe ana cacar baki a kansa.

Amurka na da gundumomin ilimi sama da 13,000, kowace da hukumarta da shugabanta. A yawancin jihohi, malami ba ya hawa kujerar firinsifal sai ya yi 'yan shekaru da alli a hannu, ya yi digiri na biyu, ya sami lasisin jiha. Mai hangen shugabancin gunduma kuwa yakan ƙara da digirin digirgir na aikin ilimi, irin wanda Jami'ar Harvard ta fara bayarwa a farkon shekarun 1920.

Me ya sa abin ya dame mu? A 2004 masanin ilimi Kenneth Leithwood da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi, da tallafin Gidauniyar Wallace, suka ce cikin abubuwan da ke cikin makaranta masu tasiri kan karatun yaro, koyarwar aji ce ta farko, shugabanci ke bi mata. Ku duba da kanku. Firinsifal ne ke da baki kan malamin da za a ɗauka, shi ke raba darussa, halinsa ne ke sa malamin kirki ya zauna ko ya nemi canji. Malami yana taɓa aji ɗaya, shi kuwa hannunsa na cikin kowane aji.

Shekara guda bayan nan, a 2005, Arthur Levine, wanda a lokacin shi ne shugaban Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia, ya fitar da rahoto mai zafi. Ya ce akasarin waɗannan kwasa-kwasai ba sa tace wanda suke ɗauka. Darussan ba su da alaƙa da aikin da ɗalibin zai je ya tarar, kuma da yawa daga masu koyarwar ba su taɓa riƙe makaranta ba. Ya ce wasu ɗaliban ƙarin albashi kawai ya kawo su, jami'o'in kuma kuɗin makaranta suke kallo. Har shawara ya bayar a soke wancan digirin digirgir ɗin. Ban bi shi har nan ba, amma kan sauran, wallahi ya faɗi gaskiya.

Inda nake so mu daɗe shi ne horon da ake yi a cikin makaranta. Yadda aka saba, malami yana koyarwa da rana, ya je lacca da yamma, sannan a ce ya tara wasu sa'o'i na sanin makamar aiki. Sai ka ga ya cika su da tsaron yara lokacin tara, ko cike takardu a ofis. An sa hannu, an ba shi shaida. To, ranar da ya hau kujera, me zai tarar? Zai shiga aji ya zauna a baya na minti ashirin, ya lura yaran layin ƙarshe ba su gane lissafin ba. Daga nan sai ya zauna da malamin, wanda watakila ya girme shi, ya nuna masa abin da ya gani ba tare da ya ci masa fuska ba, har malamin ya fita da abin da zai gyara gobe. Zai tarbi uba da ya shigo a fusace. Zai yanke abin da za a bari idan kasafin kuɗi ya gaza. Irin wannan aiki gani ya kori ji. Sai mutum ya tsaya kusa da wanda ya iya, ya kalla, ya gwada, a gyara masa.

Akwai waɗanda suka ɗauki wannan da gaske. Jami'ar Illinois da ke Chicago tana tura ɗalibinta ya yi shekara cur a makaranta ƙarƙashin gogaggen firinsifal, kuma tsofaffin shugabannin makarantu suna ci gaba da bibiyarsa ko bayan ya sami kujera. A 2010 jihar Illinois ta yi doka da ta tilasta wa duk jami'o'inta su sake fasalin kwas ɗin, su tace ɗalibai, su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da gundumomi. A Singafo ma'aikatar ilimi ce ke zaɓo mutanen da kanta, ta ɗauke musu aiki na kusan wata shida su yi karatun, albashinsu na tafiya. 

Shugaban gunduma kuwa, bari in taƙaita, aikinsa daban ne. Da hukumar gunduma yake hulɗa, da kasafi, da hukunci mai ɗaci kamar rufe makarantar da ɗalibanta suka ragu. Amma babban nauyinsa shi ne firinsifal-firinsifal ɗin da ke ƙarƙashinsa. Don haka ina ganin karatunsa ya kamata ya koya masa yadda zai hango malamin da ke da alamar shugabanci tun yana cikin aji, ya turo shi horo, ya samar masa makarantar da zai koyi aikin, ya kuma biya wanda zai riƙe masa ajinsa har ya gama.

Nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.